Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

  Na san wasu daga cikin masu karatu za su yi mamaki idan suka ga malamin makaranta, namiji da gemunsa, ya ajiye alli ya ɗauki muciya. Ina roƙon a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin maganar tukunya da zan yi yau, a cikin aji na tsinto ta.

Shekarata 19 ina koyarwa, kuma babu abin da nake saurin ganewa kamar yaron da bai karya kumallo ba. Da ƙarfe 8 yana nan garau, shi ne mai ɗaga hannu. Da zarar ƙarfe 10 ta yi sai ka ga idonsa ya fara lumshewa, ya ɗora haɓa a kan tebur, sai ka kira sunansa sau biyu kafin ya amsa. A da, lokacin da na fito daga kwalejin horon malamai da zafin kai, na ɗauka lalaci ne, har na hukunta yaran da bai kamata in hukunta ba, Allah ya yafe mini. Wata safiya sai na ce duk wanda ya ci abin da aka dafa a gidansu kafin ya fito ya miƙe tsaye. A ajin da ya haura yara 40, waɗanda suka miƙe ba su cika 10 ba.

Sauran ba hannu wofi aka sako su ba, yawancinsu an ba su kuɗin abinci. To amma kuɗi a hannun yaro ɗan shekara 10 ba abinci ba ne. Wani alewa da biskit zai saya, wani zai ɓoye domin gidan kallon ƙwallo, wani kuwa ya makara, ya tarar layin mai koko ya yi tsawo, ya ji tsoron hukuncin makara ya wuce da yunwarsa. Gaskiya ne gwamnati ta fara shirin ciyar da 'yan makaranta tun shekarar 2005, amma shirin bai kai kowace makaranta ba, kuma inda ya kai ɗin ma abinci ɗaya ne a rana. Lissafi da Turanci kuwa da safe aka fi yin su, kafin a buɗe tukunyar gwamnati.

Ba zan hau kan iyaye da faɗa ba, domin ni ma na faɗa wannan rami. A ƙarshen shekarar 2022, lokacin da tsadar kaya ta kai intaha, har hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, surukata ta kwanta rashin lafiya a Salaga. Uwar yara ta tafi jinya, ta bar ni da yara uku har mako 5. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa dafa abin da ya wuce ruwan shayi ba. A gidanmu uwa da 'yan'uwa mata ke yi, a kwaleji ƙararrawa ake bugawa mu je mu ci, daga nan kuma sai aure. Saboda haka safe da rana da dare sai saye. A rana ta 12 kuɗin cefanen wata guda ya ƙare kakaf, ga shi albashi da saura.

Wani abokina ya ba ni shawara, ya ce, "Malam, ai kana da 'ya mace, ka bar ta a gida ta riƙa ɗora muku kafin uwarta ta dawo." Yarinyar shekararta 9 a lokacin, wanta kuwa 12. Na yi shiru ina tuna 'yan mata nawa na rubuta wa makara a rajista saboda girki da wanke-wanke, da kuma nawa daga cikinsu suka ɓace daga aji gaba ɗaya. Daren nan na ce wa kaina gobe ni zan hura wuta.

Washegari na ɗora wake da shinkafa a tsakar gida, matan gidan hayarmu na leƙe suna ƙunshe dariya. Na ji ana cewa kanwa ke nunar da wake, don haka na jefa dunƙule kamar lemun tsami. Abin da na sauke ya yi duhu, ya caɓe, a baki kuma kamar sabulu. Ko akuyar gidan shinshinawa ta yi ta kau da kai. Akwai wata tsohuwa a ɗakin da ke kusa da namu, wadda duk gidan ke kira Mma, ta shekara fiye da 30 tana sayar da wake da shinkafa kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Ta leƙa tukunyar ta ce, "Tica, kanwar gidan biki ka zuba a tukunyar mutum huɗu. Gobe in ka taso ka zo da littafinka da alƙalaminka, ni ce malama." Na ce, "To Mma, na gode, Allah ya ƙara girma." Gemu dai ba ya hana neman ilimi. Abin da ke biye daga wancan littafi na kwafo shi, awon na mutum 5 ne, ma'aunin kuwa gwangwanin madara ne, wanda babu gidan da ba shi da shi.

Wake da shinkafa

A jiƙa wake gwangwani 2 tun da dare. Wannan jiƙon shi ne rabin aikin, domin yana rage lokacin dahuwa, yana rage cin gawayi, yana kuma rage kumburin ciki. Da safe a zubar da ruwan jiƙon, a wanke waken, a ɗora shi da sabon ruwa tare da karan dafi guda 4 ko 5 da aka wanke tas. Karan dafin nan, wanda daga wata irin dawa ake samun shi, shi ke ba abincin jan launin da aka san shi da shi. Kanwa kuwa kada ta wuce girman ƙwayar gyaɗa, kuma a jiƙa ta a ɗan ruwa a tsiyaye, a bar tsakuwar a ƙasa. A bar wake ya yi kamar minti 30 zuwa 40, har in an matsa ƙwaya ɗaya da yatsa ta fashe amma ba ta narke ba. Sai a tsame karan dafin, a zuba shinkafa gwangwani 4 da aka wanke, a sa gishiri, a daidaita ruwa ya ɗara shinkafar da gaɓar yatsa ɗaya. A rufe, a rage wuta, a bar shi minti 20 zuwa 25. Mma ta ce mai yawan buɗe tukunya shi ke cin ɗanyar shinkafa.

A wurin masu sayarwa an saba ganin taliya da gari da ganda da kifi da ƙwai duk a kan ganye ɗaya, har wasu suka ɗauka in babu waɗannan abinci bai cika ba. A gida ba a bukatar wannan dogon ayari. A soya albasa a man gyaɗa, a barbaɗa yaji ko a sa cokalin shito, in da hali a raba dafaffen ƙwai biyu. A nan bari malamin makaranta ya sa baki. Abin gina jiki da ke cikin shinkafa akwai ɓangaren da ya gaza, wake kuwa yana da shi a wadace, haka kuma abin da wake ya gaza shinkafa na cike shi. Shi ya sa haɗinsu ke riƙe yaro ko da ba nama. Yawan kanwa kuma, ban da ɓata ɗanɗano, yana lalata wani sinadari da ake kira bitamin B1 da ke cikin waken. Ashe Mma ta san wannan da harshenta tun kafin mu karanta a littafi.

Tuwo da miyar kuka

Tuwo shi ne abin da maza suka fi jin tsoro, alhali duk wahalarsa gudaji ne, maganin gudaji kuwa talge. A tankaɗe garin masara gwangwani 4 da garin kokonte gwangwani 2, wato garin busasshen rogo, ba garin da ake jiƙawa a sha ba. A ɗora ruwa kamar lita 2. Idan ya tafasa a dama gwangwani ɗaya na garin masara da ruwan sanyi a zuba ana juyawa, wannan shi ne talge. A bar shi ya dahu minti 10, sannan a ɗebi kamar kashi ɗaya cikin uku a ajiye a kwano. A haɗa sauran garin masara da na kokonte a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana tuƙawa da muciya, ana matse shi a jikin tukunya. Duk lokacin da ya yi tauri a ƙara masa talgen da aka ajiye, kada a ƙara ruwan sanyi. In ya yi sumul a rufe a bar shi ya sulala minti 5 a kan wuta kaɗan, sannan a kwashe da mara a malmala.

Miyar kuka kuwa ban san miyar da ta fi ta sauƙi da arha ba. A ɗora ruwa gwangwani 6, a daka daddawa 2 da albasa ɗaya da barkono gwargwadon yadda yara za su iya ci, a zuba. A sa busasshen kifi da aka gyara, ko ƙananan nan da maƙwabtanmu Tonawa ke kira amane, da gishiri da cokali 2 na mai. A bar su su tafasa minti 15 har ƙamshin daddawa ya tashi. Sai a rage wuta, a riƙa barbaɗa kuka cokali 3 zuwa 4 da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kaɗawa da maburgi ba tsayawa. Wanda ya zuba kuka gaba ɗaya lokaci guda, to ƙulalai zai ci. Minti 5 bayan kaɗi an gama. Da damina, in ayoyo ya yi arha, a yanka shi ƙanana a dafa da ɗan ruwan kanwa minti 5 ba tare da an rufe ba, a kaɗa, a haɗa da irin wancan ruwan miya. Ita kuka ba ta lalacewa da wuri in an adana ta a busasshen gwangwani, ganyenta kuma na da sinadarin ƙarfafa ƙashi da yara ke bukata.

Koko da ɗumame

Yanzu mun zo kan abin da ya sa na ɗauko maganar tun farko, wato karin safe. Mata da yawa za su ce babu lokaci, kuma da gaskiyarsu, domin wata tun asuba take fita kasuwar Kejetiya ko ta Aboabo. Dabarar ita ce a yi aikin safe tun jiya. Idan za a tuƙa tuwon dare a ƙara gwangwani 2 na gari, a ajiye malmala biyu ko uku. Miyar a tafasa ta kafin a kwanta, a rufe, kada a sake tsoma cokali a ciki. Da safe a yanka tuwon a ɗan ruwa a tukunya, a turara shi har zafi ya ratsa cikinsa, miyar ma a sake tafasa ta sosai. Minti 10 ya isa. Ɗumame ba abin kunya ba ne, shi ya raini iyayenmu. Sai dai a kula da shinkafa: dafaffiyar shinkafa in ta daɗe a ajiye cikin zafin garinmu tana iya ɓata ciki ko da an ɗumama ta, don haka in babu firji gara a dafa daidai ci.

Koko kuma ranar Asabar ake yin aikinsa. A jiƙa gero gwangwani 6 ya kwana, a wanke, a haɗa da citta da kanumfari da ɗan barkono a kai injin niƙa. A tace da ƙyalle mai laushi a bar shi ya kwanta har washegari. Ruwan da ya taso sama a tsiyaye shi a ajiye, domin shi ke da tsamin, gasarar kuwa tana ƙasa. Kowace safiya a tafasa ruwa tare da kaɗan daga ruwan tsamin, a dama gasara cokali 5 ko 6 da ruwan sanyi, a zuba ana juyawa har ta yi kauri. In ana sauya ruwan da ke kan gasarar kullum tana kai kwana 3 zuwa 4, a firji kuwa ta fi haka. Koko shi kaɗai ba ya daɗewa a ciki, saboda haka a haɗa wa yaro da soyayyar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, ko a sayo ƙosai a bakin titi ya ci a gaban idon babba.

Kwaɗon zogale

Wannan shi ne abincin ranar da aljihu ya yi sanyi. A tsinke ganyen zogale a wanke, a dafa minti 15 zuwa 20 har ɗacin ya ragu, a tsame a matse. A daka ƙuli-ƙuli da ɗan barkono da gishiri, a dama da ruwa kaɗan, a yanka albasa da tumatir, a cakuɗa duka da cokalin man gyaɗa. In an zuba gari gwangwani ɗaya da aka ɗan yayyafa wa ruwa, ya zama abincin rana sosai. Ɗana na fari shi ke haɗa mana shi yanzu, ba ya ma yarda kowa ya sa masa hannu.

Ɗan'uwa mai karatu, ka lura da wani abu. Da yawa daga cikin waɗannan abinci da na lissafa, ƙasar nan gaba ɗaya ta karɓe su daga hannun mutanen Zango da na Arewa, har da sunayensu. Abin da ake rubutawa a allon masu abinci da sunan "waakye" ai wakenmu ne. "Koose" ƙosai ne. Abin da 'yan boko ke kira TZ tuwon zafi ne, koko kuwa har yau da sunan Hausa ake tallarsa, injin niƙa ma nika-nika jama'a ke ce masa. Kanwar da na yi ɓarna da ita, tana cikin kayan da fatake kakanninmu suka riƙa ɗaukowa a kan jakuna daga ƙasar Hausa da Barno zuwa kasuwar Salaga domin su koma da goro. Ma'aikacin banki na bin layi da sassafe saboda abincin da Mma ta ƙware a kai, mu kuwa masu abin muna ba 'ya'yanmu kuɗi su sayi biskit.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba ina cewa a ƙaurace wa masu sayar da abinci ba ne. Iyayenmu ne, da wannan sana'a suka gina gidaje, suka biya kuɗin makarantar da yawa daga cikinmu, wasu har suka sauke farali. Abin da nake cewa shi ne gidan da mutum ɗaya tak ya iya ɗora tukunya, ranar da wannan mutum ya kwanta ko ya yi tafiya, gidan ya shiga uku. Ga maza masu cewa girki zubar da girma ne, ina da tambaya. Mai shayin da ke bakin masallaci, wanda ke soya ƙwai da taliya har tsakar dare, mace ce? Mai tsire fa, da mai gasa burodi? Ashe namiji ba ya jin kunyar wuta in akwai ciniki, sai in 'ya'yansa ne za su ci.

Akwai kuma wata riba da ban yi zato ba. Ranar da na ce wa ɗana ya miƙo mini muciya, tsayawa ya yi yana kallona, sai da na nuna masa ya ce, "Baba, sandar banku kake nufi?" Yaro Bahaushe, an haife shi a Zango, bai san muciya ba, bai san maburgi ba, bai taɓa jin kalmar talge ba. Ba laifinsa ba ne, ba a taɓa barinsa ya zauna kusa da murhu ba. A makaranta Turanci yake ji, a titi Twi, waɗannan kalmomi kuwa a gindin murhu kaɗai ake koyonsu. A mako 5 ɗin nan ya koyi Hausar da ban koya masa a shekara 12 ba.

Da uwar yara ta dawo, bayan Allah ya ba mahaifiyarta sauƙi, ta tarar da tuwo a kwano. Ta ɗanɗana ta ce miyar gishiri ya ɗan yi yawa, amma ta cinye. 'Yarmu kuwa ko kwana ɗaya ba ta rasa makaranta ba. Tun daga lokacin girkin ranar Lahadi nawa ne da yara maza, matan gidan ma sun gaji da dariya sun daina.

Tun da malami ba ya tashi aji bai ba da aikin gida ba, ga naku. Na farko, a wannan wata kowane magidanci ya zaɓi ɗaya daga cikin abincin nan huɗu ya dafa da hannunsa sau ɗaya, ɗansa namiji na tsaye kusa da shi. Na biyu, kada yaro ya fita makaranta sai wani abu mai ɗumi ya shiga cikinsa a gaban babba, ko da kofin koko ne da gyaɗa. Na uku, duk wanda ke da tsohuwa a gidansu ya ɗauki littafi ya zauna gabanta ya rubuta awo da dabara, domin Mma da nake ba ku labari Allah ya yi mata rasuwa bara, kuma yadda take haɗa shitonta ban samu na rubuta ba. Allah ya jiƙanta da rahama.

Iyayenmu mata da suka fi ni sanin wannan fanni, in kun ga kuskure a awon da na bayar, ku rubuto ta hannun edita a gyara mini, ni ɗalibi ne a nan. Ina kuma neman wadda za ta aiko mana da yadda ake ɗanwake da tubani a sauƙaƙe domin mu buga.